Yaƙin Ɓera na Shida

Da sunan Mai kowa mai komai, ga tarihin Hurera, 'yar Malam Lawwali mai facin taya, jikar Inna Tabawa wadda ta kori bunsuru daga rumbu da ludayi, ɗaliba mai neman digiri na biyu, uwar Nusaiba mai haƙora biyu!

Mako shida cur wannan baiwar Allah tana ɗura wa ɓeraye maza shida magani, don ta auna wani sinadari, furostagilandin, da marainansu ke samarwa. Malamarta Dakta Asabe ta gindaya sharaɗi: shida ko babu. Ita kuwa Yaya Talatu, mai riƙe mata Nusaiba, ta rantse ƙarshen wata za ta koma Dutsin-ma. Kowane ɓera dai daidai yake da kwanakin raino.

Ranar Laraba da hantsi, ranar awo, Ɓera na Shida, fari ƙal, ja-ido, shugaban mutamarridai, ya tarar da ƙofar keji a sake, ya yi hijira.

Sai Hurera ta miƙe, garkuwar goyo, mai dafa bulumboti sau biyu, wadda ƙuda bai taɓa sauka kan 'yarta ya tashi da rai ba! Ta fara ɗaga jakar kayan Nusaiba ta ɗora bisa kabad, don jihadi daban, tsafta daban. Sannan ta ɗaura ɗamara da mayafi, ta zura safar hannu, ta zare kwandon shara.

"Baba Ɗanjuma, tare ƙofa!"

Tsoho mai kiwon ɓerayen ya ja daga da tsintsiya. "Na tare, 'yar nan! Ga shi can bayan firji, ɗan banza!"

Aka yi artabu, aka yi ɗauki-ba-daɗi, kujeru suka yi sujada, kwalabe suka yi shahada, maƙiyi ya ratsa tsakanin ƙafafun Baba har tsoho ya yi wata rawa da rabonsa da ita tun yana saurayi, rundunar ta kewaye teburin awo sau goma sha ɗaya kamar masu neman tubarraki, har Allah Ya kawo fatahi a ƙarƙashin famfo, kwando ya kife kan fasiƙi.

"Allahu Akbar!" in ji Baba, yana dafe da ƙugu.

Ana cikin haka Dakta Asabe ta shigo. Ta leƙa kwando, ta ga fursuna yana haki.

"Minti nawa kuna bin sa?"

"Arba'in, Dakta," in ji Hurera, tana jiran yabo.

"Firgici ya riga ya hargitsa sinadarin. Da gyaɗa kuka ajiye masa, da ya dawo da ƙafarsa. Sai a sake sabon zubi, wani mako shida ke nan."

Aka mayar da fursuna keji, ya sha ruwa, ya kwanta. Gwarzuwa kuwa ta wanke hannu har gwiwa sau uku, ta ɗauki waya, ta sassauta murya don lallashin mai raino.

"Yaya Talatu ta gari... kin ci abinci kuwa?"