Yadda Alhaji Namadi Ya Ɗaura wa Tarakta Sarƙa

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali da basira, ku ji labarin sadauki ɗan sadaukai, Alhaji Namadi ɗan Ilu Mai-Garma, ɗan Barau Tada-Kunya, jikan Jatau na Malumfashi, wanda maruwaita suka ce idan ya kama garmar shanu da hantsi ba ya waiwaye har sai ya ji kiran la'asar a wani garin da bai san sunansa ba. Zuriya ce da ƙasa ke rawar jiki idan ta ji takunsu, ciyawa kuma ta riƙa yi wa 'ya'yanta wasiyya. Shi kuwa Namadi, mafi ƙiba a cikin wannan nasaba mai daraja, bai taɓa riƙe fartanya ba. Ƙaddara ta ɗauke shi ta dire a ƙasar Kanada, a wata unguwa can bayan birnin Winnipeg, inda yake sayar da magani a wani kanti cikin farar riga da tabarau. Amma jinin kakanni yana nan kwance a jijiyoyinsa, yana jiran ranar da za a tashe shi.

Abokiyar gābarsa ita ce dusar ƙanƙara, farar runduna mai zuwa ba ganga ba ƙaho, wadda ke mamaye gari alhali mazauna suna munshari. A hunturun bara ta ci mutuncinsa cin da tarihi ba zai manta ba. Ta riƙe motarsa a ƙofar gida, taya na juyawa mota ba ta motsi, har sai da maƙwabciyarsa ta tsallaken titi, Madam Ingrid, tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne, ta fito da shebur ta haƙo shi kamar rogo, shi yana zaune a ciki yana riƙe da sitiyari. Kafin Juma'a ta zagayo babu Bahaushen da bai ji ba a faɗin lardin. A ranar Namadi ya ɗaga yatsa sama ya yi alwashi, ko da yake yatsan na cikin safar hannu, ba a gane wanne ya ɗaga ba.

To, da hunturun bana ya kawo kai, sai aka yi masa albishir biyu. Na farko, 'yarsa Murjanatu ta haifi ɗa namiji, ta dawo gida wanka, kuma ranar Asabar za a yi suna a falonsa, Hausawan lardin kaf za su hallara. Na biyu, masu hasashen yanayi suka ce farar runduna za ta sauka kafin wayewar garin Asabar ɗin. Idan hanyar da ta taso daga titi zuwa ƙofarsa ta toshe, baƙi ba za su shigo ba, tuwo zai huce, sunan gidan Jatau kuma ya sake faɗawa bakin 'yan dariya.

Amma jarumin ba a zaune yake ba. Tun da kaka ya sayo dokin yaƙinsa daga hannun wani manomi da ya gaji da shi: tarakta ja, mai faffaɗan ƙarfe a gaba don ture ƙanƙara, wanda Namadi ya kira garma saboda girmama kakanni. Ya raɗa wa taraktar suna Gagarau, Aradun Arewa, Mai Sa Tudu Ya Zama Kwari. Gaskiyar da marubucin tarihi ba zai ɓoye ba ita ce, Gagarau ba ta kai a-daidaita-sahu girma ba, kuma idan Alhaji ya hau, sai ka zagaya baya kafin ka tabbatar akwai abin hawa a ƙarƙashinsa.

Ranar Alhamis ya shiga gareji, sansanin yaƙi, ya jera makamai a kan tabarma: sifana, filaya, gwangwanin giris, da galan na baƙin mai. Ya kwanta rigingine, ya kwance murfin da ke ƙarƙashin inji da izza irin ta masu buɗe ƙofofin birane, tsohon mai kuwa ya amsa kira, ya gangaro ta hannun rigarsa bai tsaya ba sai a hammata. Bakin jarumin ma ya samu rabonsa. Ya zuba sabon mai, ya ɗaura batir, batirin ya gaishe shi da tartsatsi har hularsa ta faɗi. Duk waɗannan 'yan share fage ne.

Sannan aka zo babbar karawa, wato sarƙoƙin taya, waɗanda ake naɗa wa ƙafafun tarakta don kada santsi ya kwashe ta. Ya zazzage buhunsu a ƙasa, suka zubo a cukurkuɗe kamar hanjin ragon layya, ba kai ba gindi. A wayarsa akwai hoton bidiyon wani Bature mai gemu da ke ɗaura irinsu yana fito, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Namadi ya kalla, ya yi murmushin raini, ya kife wayar. Jikan Jatau ba ya ɗaukar darasin ƙarfe a wurin mai fito.

Ya ja nan, can ya ƙulle. Ya ja can, nan ya cije masa yatsa. Ya warware ta farko bayan gumurzu mai tsanani, ya yafa wa taya, ya maƙala ƙugiya, ya ja da baya don ya more kallon nasara, sai sarƙar ta zame ta kwanta a ƙasa kamar mayafin da aka gaji da shi. Ya sāke. Wannan karon ta zauna daram, sai dai a bai-bai, haƙoranta na kallon roba maimakon ƙasa. Ya kwance, ya tofa mata kalmomin da ba a rubutawa a littattafan tarihi, ya kutsa kai ƙarƙashin Gagarau, ya miƙa hannu bayan taya inda ido ba ya gani, ya laluba, ya kamo ƙugiya, ya ja da ƙarfin kakanni bakwai har ta ce ƙas!

Nasara ta samu. Ya yunƙura zai fito, sai ya ji an riƙe shi. Ashe ya haɗa da gefen rigarsa ya ɗaure. Mai ɗaure sarƙa ya zama ɗaurarre, kwance a kan siminti mai sanyin kabari, kunci manne da taya. A nan ne ya saki kirarin yaƙi na farko, wanda ya girgiza kwanon gareji:

"Hajiya! Hajiyaaa!"

Hajiya Uwani, uwargidansa, sarauniyar madafa, ta fito hannu duk fulawa, domin cincin ɗin suna take yankawa. Ta tsaya ta dubi ƙafafu biyu da ke leƙowa daga ƙarƙashin tarakta suna harbin iska.

"Baban Murja, me kake nema a nan?"

"Kawo almakashi, kada ki yi tambaya."

Ta kawo, ta yanke rigar, ta 'yanta fursuna. Ta ce, "Ni dai da ka kira masu motar kwashe ƙanƙarar nan, ka huta, mu huta."

Ya miƙe da rabin riga, fuska baƙi ƙirin da mai, ya ce, "A gidan nan? Ina raye?"

Ta koma madafa, mai na ƙonewa a kasko. Sai ranar Juma'a da yamma taya ta biyu ta miƙa wuya, Gagarau ta tsaya cikin sulkenta, ƙyallen rigar Alhaji na reto a ƙafarta ta hagu kamar tutar yaƙi.

Asabar ta waye, ga farar runduna ta cika alƙawari. Babu titi, babu hanya, babu iyaka tsakanin gida da gida, iska kuma na ta kwasar dusa tana watsawa. Jarumin ya yi shirin fita: safa kan safa, wando kan wando, rigar sanyi mai kumburi, sannan babbar rigar suna a kai, domin sadauki ba ya fita filin daga a wulaƙance. Ya naɗe baki da hanci da mayafin ulu, numfashinsa ya hau sama ya lulluɓe tabarau da hazo. Bai goge ba. Mazaje da zuciya suke gani.

Ya hau, ya murɗa makulli. Gagarau ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi gurnani. Ya ɗaga murya:

"Yau ko ni ko ke!"

Ya saki birki. Sarƙoƙi suka kama ƙasa, caras-caras-caras, kamar dawakin daula sun fito da kayan ƙarfe, kuma lallai sun yi aikinsu fiye da yadda aka roƙe su, domin Gagarau ta zabura ta ratsa hanyar gidan da garma a ɗage, ta haye titi, ta faɗa farfajiyar Madam Ingrid, Alhaji na laluben birki da ƙafar da safa ta hana ji. Ya murɗe sitiyari iya murɗewa, ta shiga juyi a wuri ɗaya kamar mai rawar ƙoroso, har gabas da yamma suka rikice masa. Da ta lafa, ya waiga ta cikin hazon tabarau, ya hangi inuwar gida a bayansa. Gidajen unguwar kuwa magini ɗaya ya gina su, kamar an buga da hatimi. Ya ce a ransa, ga gidana, ga maƙiya a gabana. Ya saki garma ƙasa.

Kai, ranar an ga yaƙi! Ya turo dusa ya haye titi da ita ya jibge a wancan gefen, ya ja da baya, ya sāke kwasowa, ya jibge, sahu bayan sahu, tudu na hawa kan tudu har ya zama ganuwa wadda ta fi mutum tsayi. Daga wata taga can bayan ganuwar ya hangi mace tana kaɗa wani abu kamar ludayi tana ƙwala ihu, ƙarar inji ta hana shi jin me take cewa. Ya ɗauka maƙwabciya ce ke yaba masa, ya dunƙule hannu ya mayar mata da jinjina, ya ƙara wuta. Bai tsaya ba sai da hanya ta yi fes kamar tafin hannu, man Gagarau ya ƙare, ta yi shaƙuwa ta mutu a bayan wasu itatuwa a gefen gidan.

Ya sauko da taƙama, ya zare tabarau, ya goge da bakin babbar riga, ya mayar. Ƙofar gidan ta buɗe. Madam Ingrid ta fito da kofin gahawa, idonta cike da ƙwalla, ta kama hannunsa biyu tana godiya, tana cewa tun rasuwar mijinta ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan alheri. Namadi ya juya a hankali. A tsallaken titi, inda ƙofarsa take jiya, farin dutse ne tsaye, Hajiya Uwani a tagar bene da ludayi a hannu, ta daina ihu, kallonsa kawai take yi.

Ana haka motocin baƙi suka fara isowa. Suka faka a farfajiyar Madam Ingrid, suna yaba tsabtarta. Sannan manyan mutane, likitoci da malaman jami'a, da matansu cikin leshi da gwala-gwalai, suka hau ganuwa da rarrafe, ana miƙa kulolin abinci hannu zuwa hannu, ana zamewa ta ɗaya gefen a zaune. Malam Barmo, dattijon Hausawan lardin, sai da aka turo shi ta baya aka jawo shi ta gaba, takalminsa ɗaya kuma ya yi shahada a cikin dusa.

Aka zauna a falo, aka raba goro da dabino, aka raɗa wa yaro suna, aka yi masa addu'a. Har an fara shafawa sai Malam Barmo, ƙafa ɗaya a cikin roba ta ruwan ɗumi, ya sāke ɗaga hannu.

"Jama'a, saura ɗaya. Duk azzalumin da ya toshe ƙofar wannan bawan Allah a ranar farin cikinsa, ko wane ne shi, Allah ka shirye shi. In ba mai shiryuwa ba ne, Allah ka haɗa shi da ciwon ƙugu."

Falo ya ɗauka, "Amin!" Daga bayan labule, amin ɗin Hajiya Uwani ta fi ta kowa ƙarfi.

Malam Barmo ya juyo. "Alhaji, kai aka zalunta, ban ji taka ba."

Sadauki ɗan sadaukai ya gyara zama a hankali, ya kai hannu ya dafe ƙugu, ya ce, "Amin, Malam."