Ustaz Mamduh da Tandun Kakansa

Kowane gari da abin da Allah ya hore masa. Mu mutanen Karak ya ba mu tsohuwar ganuwa, ya ba mu mansaf, wato dafaffiyar shinkafa da naman rago, da babu irinsa, da ya tashi cika mana ni'ima kuma sai ya ba mu Ustaz Mamduh. Ganuwa tana da baƙi masu yabonta, mansaf yana da maciya masu yabonsa. Shi kuwa Ustaz, saboda tausayi irin nasa, bai taɓa ɗora wa kowa wahalar yabonsa ba, da kansa yake yi.

A nan duk gidan da ya amsa sunansa gida za ka ga bindigar kaka rataye a bangon zaure, ko ta Turkawa ko ta Ingilishi. Kowa masanin bindiga ne. Da Ustaz ya yi ritaya daga koyar da lissafi ya ga wannan fili ya cika, sai ya koma gefe ya kafa daularsa inda babu mai ja da shi, wato kayan goge bindiga: tsinken ƙarfen da ake zura wa bututu, igiyar da ake jan tsumma da ita, da ɗan tandun tagulla na mai. A kan waɗannan shi ne alƙali, shi ne mufti. Harbi kam bai taɓa yi ba. Ranar bikin ɗansa Nayif, da samari suka fara sakin wuta sama, a bayan tukunyar shinkafa aka tsince shi, ya ce yana duba ko ta nuna.

"Jahili ke kallon bindiga," in ji shi a kowane zama. "Mai ilimi abin da ya raya bindigar yake kallo. Ni da hanci kawai nake raba man Istanbul da man Landan."

Muka laƙaba masa Bashan Tsumma, Basha kuwa sarauta ce ta manyan Turkawa. Ya ɗauki rabin farko ya bar mana na biyu.

Ba a kiransa, zuwa yake. Ya sa farar safar hannu, ya fito da madubin ƙara girma, ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya ce, "Jabu." Tsinken gidan wane na gasa nama ne, igiyar gidan wane ta shanya ce. Wani lokaci yakan dace, domin gaskiya rabin tsinkayen garin nan sun ga rago fiye da yadda suka ga yaƙi. Wannan dacewar ce ta ƙara kumbura shi, har ya manta fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Abu Jazi, wani dattijo mai kiwon tumaki da ba ya son surutu. Ana zaune a walimar suna, zaure cike, Abu Jazi ya ɗauko bindigar Ingilishi ta kakansa, ya buɗe ɗan murfin da ke gindinta, ya zaro tandun mai. Siriri ne, sumul, ba ado ko ɗigo. Ustaz ya karɓa da yatsu biyu, ya kwance murfin, ya ga ɗan tsinke maƙale a jikinsa, ya yi murmushin mai jin tausayi.

"Ya Abu Jazi, ka yafe ni, gaskiya ɗaci gare ta. Me soja zai yi da tsinke a murfi? Wannan tandun kwallin mata ne. Ka tambayi tsofaffin gidanku wace ce nata ya ɓata."

"Daga cikin bindigar na ciro shi, kana kallo."

"Ina ne mata ba sa ɓoye abu?"

Zaure ya fashe da dariya. Abu Jazi ya ajiye kofin gahawar da aka miƙa masa bai kurɓa ba, ya saɓa bindigarsa ya fita. Wanda ya san mu ya san nauyin wannan: a wurinmu wanda aka ci wa mutunci ba ya shan gahawa sai an wanke masa. Ni dai abin ya ƙona mini rai, amma Ustaz ya ce ilimi ba ya kallon furfura.

Shi nasa tandun, wanda ake auna na kowa da shi, yana cikin akwatin gilashi a falonsa. Mai tumbi ne, an zana masa furanni da 'yan tsuntsaye. Bai shiga gindin kowace bindiga ba, Ustaz ya ce ai na hafsoshi ba a cusa shi a rami kamar na ƙananan soja. A akwatin kakarsa Hajja Fidda ya same shi, inda a cewarsa kakansa ya ɓoye shi kada sojan Turkawa su gani. Bai taɓa buɗe shi ba. Iskar wannan zamani, in ji shi, ba ta cancanci taɓa man wancan zamani ba.

Ana nan sai dattawan gari suka yanke za su buɗe ɗakin tarihi, ana neman wanda zai shugabance shi. Ustaz bai nemi kujerar ba, Allah ya kiyaye. Ya dai ɗinka sabuwar alkyabba, ya buga katin suna da muƙamin a jiki, ya yanka raguna biyu ya gayyaci dattawan cin mansaf. Duk abin da ya shekara yana shinshinawa domin wannan rana ce. Shaihu Za'al, babban dattawan, ya zo da mutanensa, cikinsu har da Abu Jazi, wanda ya ci abinci don girman Shaihu, amma da aka zagayo da gahawa ya ajiye kofinsa a gabansa cike.

Aka wanke hannu, Ustaz ya fito da akwatin gilashin kamar mai ɗauke da jariri.

"Ya ku dattawa, wannan ba tagulla ba ce, tarihi ne. Da man cikinsa kakana ya shafa bindigarsa ranar da maza suka gudu ya tsaya. Duk ƙasar nan babu na biyunsa. Wanda ya riƙe amanar wannan, me zai gagare shi riƙewa?"

Shaihu ya gyara zama. "Madalla, ya Abu Nayif. Buɗe mana mu ga man."

Ustaz ya fara karatun iskar zamani, sai Abu Jazi ya yi magana a karo na farko.

"Nawa gaban jama'a ka kwance shi ka shinshina. Ko naka ne ya fi jin kunya?"

Ba yadda ya iya. Ya cire safar hannu don murfin ya cije, ya murɗa, ya yi nishi, ya sake murɗawa. Murfin ya fito da dogon tsinke mai santsi, wani baƙin gari mai laushi ya zube masa a tafin hannu. Dattawa suka dubi juna. Duk wanda ke wurin mace ce ta haife shi, kuma ya san abin da yake gani. Banda mutum ɗaya, domin gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Allahu akbar!" in ji Ustaz, murya na rawa. "Man ya bushe ya gauraya da albarushin yaƙi! Ku duba, hayaƙin ranar ce a hannuna! Wayyo kakana!"

Ya mutsuka garin tsakanin yatsu, ya shinshina, hawaye suka zubo masa. Ya sa hannu biyu ya share su sosai, dama da hagu, sannan ya ɗago kai don dattawa su ga irin ƙaunarsa ga tarihi. Suka gani kuwa. Idanu sun sha kwalli raɗau, har da ja zuwa gefe. Shaihu Za'al ya ɗaga kai yana nazarin silin, wani dattijo ya cusa gefen rawaninsa a baki kafaɗunsa na girgiza.

Abu Jazi ya miƙa hannu ya ɗauki kofinsa, gahawar ta riga ta huce, ya shanye tas.

"Allah ya jiƙan Hajja Fidda," ya ce. "Kwallinta bai taɓa ba da kunya ba. Wallahi ya karɓe ka, ya Abu Nayif."

Kujerar kam, wani daban aka ba. Amma kada a ce garinmu ba ya girmama masana, an karɓi tandunan biyu. Na Abu Jazi yana kusa da bindigarsa, da ɗan tsinkensa na ɗiga mai. Na Ustaz yana ɓangaren kayan adon mata, tsakanin awarwaro da mataji, an rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Duk Juma'a yakan je ya tsaya a gefensa, yana yi wa baƙi bayanin cewa hafsoshin wancan zamani sukan sa kwalli don hasken rana, kuma shi ya fara gano hakan.

Mun janye Bashan Tsumma, yanzu Amaryar Karak muke ce masa. Ya juya sunan gaba da baya, wannan karon bai sami rabin da zai ɗauka ba.