Motar Asibitinmu da Fitilar Hoton Mai Girma

Wata kaza ce ta fara ba ni labarin lafiyar motar asibitinmu ta Dauran. Na hango ta kwance kan ƙwai a gindin tayar baya, hankalinta kwance, kamar wadda aka yi wa alkawarin ba za a tashe ta ba.

Na rako maƙwabciyarmu Inna Tani ne, wadda yanar ido ta rufe wa gani. Likitocin ido sun zo Kaura Namoda suna aiki kyauta, kuma ranar ce ta ƙarshe. Motocin haya sun wuce a jere tun da sassafe, Inna ta ƙi shiga, domin an shelanta cewa motar da Mai Girma Rumbun Alheri ya ba mu za ta kai tsofaffi. Kun san hanyarmu, rana na karkata ko mai tsautsayi ba ya binta.

Mota kam sai hamdala. Fara sol, ga hoton Mai Girma a samanta cikin gilashi, kewaye da ƙananan fitilu, yana murmushi irin na wanda bai taɓa jira a asibiti ba. Aka ɗora Inna, direba ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya ƙi kamawa.

Nan fa malamai suka yawaita. Mai shayi ya ce batir ne. Mai faci ya ce an yi wa man fetur algus. Wani dattijo ya ce 'yan adawa ne suka tofa mata. Ni da ko a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, na ja hijabina na koma gefe.

Aka kira Hamisu mai wayarin. Ya danna hon, ya yi ƙara, ya ce batir na da rai. Ya kankare kan batir duk da haka, ya kasa kunne wajen tankin mai, ya ce famfo ba ya motsi. Ya zaro wani fis baƙi ƙirin, ya sa sabo. Aka murɗa makulli, ƙas! Sabon ma ya ƙone. Sai ya bi wata jar waya da yatsa, har yatsan ya tsaya a ƙarƙashin hoton.

Ya juya wajen jami'in da ke kula da motar, wanda muke kira Sarkin Makulli, ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda sunka sa hoton ga, kan wayar famfon mai sunka jona fitilunai. Wayar ta goge tana taɓa ƙarhe. A yanke ta, yanzun nan mota ta tashi."

"A yanke mi?"

"Wayar hoto, ranka ya daɗe."

Sarkin Makulli ya waiga hagu da dama. "Kai Hamisu, kana da iyali kuwa? In shiga Kaura da hoton Mai Girma a kashe, garin da kowa ke da waya mai ɗaukar hoto? Kahin mu kai tasha an ce na canza sheƙa!"

"To a cire hoton in naɗe wayar, a mayar."

"A cire? Wa za ya kama shi ya sauke? Kai?"

Hamisu ya ce shi kam hannunsa duk baƙin mai ne.

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, ni ko an kunna ko an kashe duk ɗaya ne gare ni. Ku kai ni a buɗe min idon, in na dawo ni za ni fara yaba hasken."

Aka yi dariya, har da Sarkin Makulli, sannan ya koma gefe da waya neman izini daga manyansa. Na farko ya ce sai ya ji daga na biyu. Na biyu yana Shinkafi wajen buɗe wata rijiya da aka buɗe bara. Na uku ya ce a bar kaza cikin gashinta, za a kafa kwamiti.

Kada ku ce ina zargin kowa. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma ni ban ga mugu a wurin ba. Mutane na gani masu ladabi, masu sanin darajar manya. A ƙasashen da ba su da tarbiyya ne ake yanke wayar babban mutum saboda idon tsohuwa. Mu nan mun san ido biyu ne kacal, kuma na mutum ɗaya, hoton Mai Girma kuwa na al'umma ne baki ɗaya.

Aka kira azahar, inuwa ta fara juyawa. Sarkin Makulli ya dawo da albishir: an amince a rubuta wa kamfanin da ya yi hoton, kuma likitocin ma ai za su dawo baɗi in Allah ya kai mu. Jama'a suka ce madalla. Na tattara ƙarfin halina kaf, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri."

Na zagaya in faɗa wa Inna, na tarar da kujerar ba kowa. Can na hango ta ta kama hanyar gida, sanda a hannun dama, na hagu yana lalube katangar asibiti.