Ragona, Motar Alhaji Idi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yanka wa motar wani rago ba.

A farkon shekarun saba'in ne, ina jigilar gyaɗa daga Madarumfa zuwa Maraɗi. Mota ɗaya na sani, mai tambarin jimina a goshi. Ita mahaifina ya tuƙa, ita na gada, kuma ban ɗauki sauran a bakin komai ba. Da abokin hamayyata Alhaji Idi ya sayo wata baƙuwar ƙira daga Katsina, ni na laƙaba mata suna gwangwanin madara. Kullum a tasha sai na ƙwanƙwasa ƙofarta na tambaye shi ko da cokali aka haɗo masa.

Da tsohuwar motata ta gaji, na je wurin wakilin kamfanin jimina a Maraɗi na yi odar sabuwa. Ya ce wata biyu. Don tsabar yarda har na sayar da tsohuwar (wai kada ta ɓata wa sabuwa wurin kwana).

Wata bakwai ina zarya. Yau jirgin ruwa bai iso Kwatano ba, gobe takardu na Yamai. Kaka ta wuce, manoman Safo da na saba ɗaukar wa kaya suka koma wurin Alhaji Idi. Duk da haka ina kare kamfanin kamar na ubana, alhali ko sunana ba su riƙe ba.

Rannan wakilin ya aiko cewa na zo Alhamis. Na sa aka yanka rago, na gayyato malamai su yi wa mota addu'a, na ɗauko maroƙi. Na ce kowa ya jira ni a bakin gari bayan azahar.

A biro, wato ofishinsa, wakilin ko kunya babu ya ce, "Alhaji, ta iso hwa, amma wani babba daga Yamai ya ɗauke ta. Taka tana bisa hanya."

Na fito na nemi hanyar komawa gida. A tasha kuwa mota ɗaya ce ta rage mai zuwa Madarumfa.

"Bisimilla, shigo gwangwani," in ji Alhaji Idi. Har gidan gaba ya ba ni, mugun.

Na roƙe shi ya sauke ni a bayan gari, ya ce ai girmana ya wuce haka. Muna isowa ya danna ham. Jama'a suka hango ni a gaba, maroƙi ya ɓarke da kirari, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin na buɗe baki, Malam Babba limaminmu, wanda idonsa ya yi rauni, ya dafa goshin motar ya fara addu'a. Wa zai katse liman? Ya roƙa mata tsari da albarka da yawan lodi, ya tofa. Duk taron babu wanda ya kai Alhaji Idi ƙarfin amin. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage na shige.

Sai da aka shafa wani dattijo ya leƙo ya ce, "To ina jiminar?"

Alhaji Idi ya ci cinyar ragon, ya tafi da ɗayar gida.

Washegari na soke odar, na bi shi Katsina ya raka ni na sayo gwangwanina. Tun daga ranar ba na yanka wa mota ko kaza sai na ji sitiyarinta a hannuna. Addu'ar kuwa ta kama, don motar Alhaji Idi ta riga tawa fita, kuma ita ta binne tawa, tana nan tana lodi.