Na Je Birni Neman Laifin Jami'a

Jama'a masu karanta ƙorafina a jaridar garinmu, ranar Asabar ɗin nan hukumar babban birni ta ɗauke mini mota, kuma har yanzu ban gama yi mata godiya ba.

'Yata Corinne ce ta gama sakandare, ta kafe sai jami'ar birni, alhali ga kwalejin garinmu nan bayan filin wasan ƙanƙara, inda ko abincin rana a gida za ta riƙa ci. Da jami'ar ta gayyaci iyaye su zo su gani da idonsu, na ce ni zan kai ta. Uwarta Glenda ta ɗauka na sauko ne. Ni kuwa laifi na tafi nema, in tara in zube wa yarinya a hanyar dawowa. Maƙwabcina Lorne ya ƙara zuga ni. Ya ce ɗan ƙanwarsa ya tafi karatun injiniya, ya dawo ba ya cin nama.

Laifin farko bai wahalar da ni ba. Titin jami'ar a haƙe yake, don sabon layin jirgin ƙasan da iyayengijinmu suka yi alkawari tun Corinne tana rarrafe. Ramin dai ya yi kyau, Allah ya saka musu, shi ya sa duk zaɓe sai an sake yi masa biki. Na yi ta zagaye da akori-kurata har na sami gurbi a ƙarƙashin wani allo mai rubutu barkatai. Corinne ta ce ba a ajiye mota a nan. Na tuna mata cewa na fara tuƙi tun kafin in san uwarta.

A zauren taro, Mai Girma Mataimakin Mai Taimaka wa Shugaban Sashen Walwalar Ɗalibai ya jero mana falalar karatu a birni. Ya ce birnin gaba ɗaya aji ne, kuma yaranmu za su koyi dogaro da kai. Wata uwa ta tambaya inda za su riƙa kwana. Ya ce akwai kwamiti a kan haka, sannan ya ja mu zuwa sabon ginin ofisoshinsu, na gilashi, mai bangon da aka shuka wa ciyawa. Ni da na ƙare rayuwata ina yaƙi da ciyawa a gonar alkama, ashe a birni har ma'aikaci aka ɗaukar mata.

Muka fito, ba mota. Mutanen da suka kasa cike rami shekara da shekaru sun ɗauke akori-kura kafin kofina ya huce. Duk mai cewa hukuma ba ta aiki, ya same ni a gida.

Daga nan girma ya faɗi. Corinne ta duba wayarta, ta ce in biyo ta. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na gai da mutanen tarago ɗaya bayan ɗaya, wani tsoho ya matsa daga kusa da ni. Da aka zo turereniyar fita, sai ga ni riƙe da gefen rigar 'yata. Ita ta gano inda ake tara motoci, ita ta lallashi matar da ke wurin ta sakar mana motar, bayan na fara yi mata bayanin haƙƙin ɗan ƙasa. Ta kuma saya mini wata miyar taliya a shagon mutanen Vietnam. Ina ci ina kallonta tana hira da mai shagon kamar a unguwar aka haife ta, idona ya kawo ruwa. Barkono ne.

A hanyar gida na kwance mata laifuffukan da na tara. Ta saurara tsaf, ta ce duk gaskiya ne, amma ilimin haɗa magunguna take so, kuma manyan asibitocin da ake koyon aikin a can suke.

"Shi ke nan dalilin?" na tambaye ta.

"Da saura, Baba. Yau mun wuni cikin dubban mutane, ba wanda ya tare ni ya ce, ke ce 'yar mai ƙorafin nan na jarida?"

Na ci gaba da tuƙi har muka ga rumbunan hatsin garinmu.

Za ta tafi a watan Satumba, kuma na yarda. Abin da ke ci mini rai kawai, a ce duk faɗin birnin nan ba mai karanta ni. Ya kamata a kafa kwamiti.