Yadda Za Ki Je Silimar Motoci da Ido Dishi-dishi, Kowa Bai Sani Ba

Idan kin bi matakan nan bi da bi, na yi miki alkawari za ki je silimar motoci, wadda ake kallo a fili kowa a gindin motarsa, da mutanen gidanku, ki dawo katin laburarenki yana nan a aljihunki. Ni na gwada, nawa yana nan. (Gaskiya bai tsira ta hanyar da na tsara ba, amma ki yi haƙuri, za mu zo wurin.)

Wannan jagora na yarinyar da ta fi wata shida tana ganin allon aji dishi-dishi ne, ba ta gaya wa kowa ba. Dalilin shirun kin san shi idan kina da kaka irin Motiba, mahaifiyar Pappa. Ita ta daɗe da yanke hukunci cewa littafi yana tsotse ruwan ido kamar yadda bazara take tsotse kogin Sabarmati. Ta kuma faɗa a gaban kowa, tana dukan akwatin ƙarfenta da tafin hannu: "Ranar da wata a gidan nan ta nemi tabarau, littattafanta nan za su shiga, katin nan kuma ni zan mayar wa masu shi."

Yarinya ɗaya ce a gidanmu. Ba sai ta kama suna ba.

Mataki na ɗaya: Ki san inda haɗarin yake

Ba a fim ɗin yake ba. Fim kowa zai iya kallonsa da kunne. In an yi dariya ki yi, in Mammi ta ja hanci ki ja naki, kada dai ki riga ta.

Haɗarin yana cikin takardar hukumar tace fina-finai, wadda ake haskawa kafin a fara. A jikinta, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta yawan faya-fayan fim ɗin. Motiba ba ta karanta lambar Turawa, amma da wannan lamba take mulkin abinci: faifai sha takwas, a ci tepla, gurasar nan mai hulba, bibbiyu a ajiye saura, sha shida, a buɗe kwano gaba ɗaya, abin da ya gaza haka kuwa, a cewarta, ba fim ba ne, talla ce. Duk shekara takan zunguri gwiwata ta ce, "Falguni, dikra, jikata, ke ce mai karatun gidan. Nawa ne?"

Bara na karanta. Bana ko lambar motar haya ba na gani sai ta kusa taka ni.

Mataki na biyu: Ki samo lambar tun kafin ranar

Nemi wadda ta riga ta ga fim ɗin. A ajinmu Jigna ce, wadda gidansu ba sa barin fim ya kwana uku a gari. Kada ki tambaye ta kai tsaye, za ta harbo jirginki. Ki zagaya.

"Jigna, fim ɗin nan kam an ce gajere ne."

"Wa ya ce? Kin gani ne?"

"To faifai nawa ne, in kin isa?"

"Ke kuma me ya haɗa ki da faifai, gara mai cin takarda? Yau laburare a rufe yake ne?"

Daidai nan malamar lissafi ta shigo. Jigna ta fizgi hannuna, ta zana lamba ɗaya tak a tafina da biro. Ɗaya ta isa, tunda kowane fim sha wani abu ne. Na duba ƙarƙashin tebur: takwas. Sha takwas ke nan.

Masana sun tabbatar cewa ilimin da aka rubuta a tafin hannu ya fi na littafi aminci, domin ba a iya kulle shi a akwati. Masanan ba su yi magana a kan gumi ba. Ni kuma tafina gumi yake yi ko da sallama aka yi mini.

Mataki na uku: Ki zama 'yar kirki a madafa

Ranar Lahadi tun hantsi ki ajiye littafi, ki shiga wurin Mammi. Ba a taɓa zargin yarinyar da hannunta yake cikin ƙullu ba. Ki tsinke ganyen hulba, ki murza tepla har arba'in, ki cika kwalba da yajin mangwaro, ki ɗauraye filas ɗin shayi sau biyu. Aikin kusa duk kin iya shi, ki yi shi da hayaniya don a gani.

Abin da za ki guje wa shi ne aikin nesa. In aka ce ki leƙa ta taga ki ga ko mai kayan miya ya iso bakin layi, ki ce hannunki da mai. Mammi ta dube ni ta ce, "Hannunki da mai, shi ya hana idonki leƙawa?" Na ci gaba da murza tepla. Ta ɗan jima tana kallona, sannan ta leƙa da kanta. Ki ɗauki wannan a matsayin nasara. Ni haka na ɗauke shi.

Mataki na huɗu: Ki yi yaƙin layin gaba

Kafin a fita za a zauna a kan inda za a ajiye mota. Ki ce layin gaba, ki kawo hujjar kimiyya: lasifikar da ke jikin sandunan gaba sabuwa ce, sauro kuma baya yake taruwa.

Abin mamaki, Pappa ya goya mini baya da ƙarfi har ya tashi tsaye. "Yarinyar nan ta yi gaskiya! Sauti a gaba yake. Duk wanda ya san silima gaba yake zuwa."

"Hasmukh, zauna," in ji Motiba. "Wuyana ba na raƙumi ba ne da zan yi awa uku ina kallon sama. Baya, kusa da bayan gida."

Aka yi baya. Wannan mataki ba ya aiki, amma ki yi shi, don ki san kin yi.

Mataki na biyar: A hanya, ki yi shiru

Ki shige kujerar baya tsakanin Motiba da tabarma, kwanon tepla a cinyarki, tafin hannunki a dunƙule. Kada ki karanta allon shago ko ɗaya. Babu ma wanda zai ji ki, don Mammi ba ta rufe baki in Pappa yana tuƙi. Tun daga unguwarmu Maninagar har gada haka take yi masa:

"Kuna ji? Saniya ce a gaba."

"Na gan ta."

"Mai keke a hagunku. Wancan kuma ɗan sanda ne, ba sanda ba."

"Kokila, shekara ashirin ina tuƙi a garin nan!"

"Ni ma shekara ashirin ina zaune a nan. Rami."

Duk gidan da ke da mota yana da irin wannan. Ki bar su, su ne inuwarki.

Mataki na shida: Ki faɗi lambar da murya mai ƙarfi

Rana za ta faɗi, a shimfiɗa tabarma a gaban mota, a jingina Motiba da matashi. Daga layin baya, allon nan mai tsayin bene zai zame miki kamar farin zane da aka shanya a wata unguwa. Sai wani abu mai launin toka ya bayyana a kansa, gwiwarki ta ji zunguri.

"Dikra, nawa ne?"

Kada ki yi sauri, mai gani ba ya sauri. Ki ɗan motsa leɓe kamar kina karantawa.

"Sha takwas, Motiba."

"Auho. Hasmukh, haka ne?"

Pappa ya miƙa wuya, ya tsuke ido. "Sha takwas cif. Ga shi nan ɓaro-ɓaro."

Na saki numfashi. Sai daga motar da ke gefenmu wani mai ƙaton ciki ya daki ƙofa ya ce, "Sha huɗu kacal? Don wannan muka ƙona mai?" Motar bayanta ma ta ɗauka: sha huɗu, sha huɗu.

A nan ne za ki tuna abin da kowace 'yar aji ɗaya ta sani: huɗunmu ta gida, ta rubutun yarenmu, kamanninta ɗaya da takwas ta Turawa, sai dai ita kanta a buɗe yake. Jigna da lambar gida ta rubuta. Gumi ne ya rufe mata kai.

Mataki na bakwai: Babu mataki na bakwai

Ban tanadi komai ba. Na zauna kawai.

"Sha huɗu ne," in ji Mammi, tana zuba shayi hankali kwance.

Motiba ta juyo gaba ɗaya. "Falguni. Yatsa nawa mai sayar da gyaɗar can ya ɗaga?"

"Ban... ban ga mai gyaɗa ba, Motiba."

"Na faɗa! Littafi ne! Gobe da safe akwati!"

Na fara kuka, ba na fim ba. Pappa ya gyara murya zai yi nasiha, sai Mammi ta miƙa masa kofi.

"Kuna ji? Ku gaya wa Motiba yatsa nawa ne."

Pappa ya duba dama, ya duba hagu. "Uku."

"Mai gyaɗar ya tafi tun ɗazu. Kwandon shara kuke kallo." Ta juya wurin Motiba, ta ja gefen sarinta ta rufe kai kamar yadda take yi in za ta faɗi magana mai nauyi. "Motiba, ku yafe mini. Ita dai mun san littafi ne. To shi wannan, da bai buɗe littafi ba tun yana aji bakwai, me ya tsotse nasa?"

"Ina karanta jarida!" in ji Pappa.

"Kuna naɗe tepla da ita."

Motiba ta bar kallon allo. Ta dubi ɗanta, ta dube ni, ta sake duban ɗanta. Can ta ce, "Dangin ubansa ne. Dukansu haka suke, marigayin ma sai da ya taɓa gaida turmi." Ta janyo kwano ta cire murfin. "Ku ci duka, wannan ba fim ba ne. Kokila, ke za ki riƙa nuna masa hanya in za mu koma."

"Da ma fa," in ji Mammi.

Ranar Talata aka kai mu wurin mai tabarau, ni da Pappa, muka zauna a benci ɗaya ba mai kallon wani. Nasa ya fi nawa kauri. Ba a sake maganar akwati ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba: ba na gumi ba, ba na rubutun Jigna ba, ba na mutanen motar gefe da ba su iya riƙe bakinsu ba. An gwada matakan sau ɗaya ne, a gida ɗaya. Kafin ki fara, ki tabbata a gidanku akwai babba ɗaya da ya fi ki makanta kuma ya fi ki taurin kai. Idan mahaifinki yana gani sarai, don Allah kada ki ce a wurina kika ji.