Tsuntsun da Na Yi Wata Biyu Ina Jira

Ba zan taɓa mantawa da bazarar bana ba, ko ƙwaƙwalwata ta so mantawa fatar jikina ba za ta yarda ba. Yanzu haka da nake rubutun nan, in ƙuda ya gifta kusa da kunnena sai na yar da bik na kare fuska.

A Yamai na tashi. Bara ne da Baba ya gama aikin gwamnati muka komo ƙauyenmu, kan hanyar Hawandawaki. Ni ina lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa wurin gwaggona, ran Asabar in zo gida. A ƙarshen ɗari mushenmu, wato malaminmu na kimiyyar halittu, ya ba mu aiki: kowa ya zaɓi wuri ɗaya kusa da gidansu, ya riƙa duba tsirrai da dabbobin wurin har zafi ya kankama, ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu, sannan ya yi bayani gaban aji. Na ci alwashin nawa sai ya fi na kowa.

Na zaɓi gonar Kaka Idi, ƙanen kakana, wadda ke tsakanin gari da rijiyar makiyaya. Kuma gaskiya abin ya yi mini daɗi. Na lura kuka ta tuɓe tsirara, amma gawo yana nan kore shar kamar bai san rani ba. Na ga magarya ta ƙare ƴaƴa, tumfafiya ta fitar da fure, awaki suna tsaye ƙarƙashin gawo suna jiran abin da iska za ta kaɗo musu. Na gano ramin kurege. Na zauna rabin yini ina ƙirga sau nawa cilakowa ke komawa kogon aduwa. Har bushiya na samu cikin ƙaiƙayi, na taɓa ta da kara ta dunƙule.

Sai wata rana na ɗaga kai na hango wani abu a reshen babban gawon. Dogo ne, na ciyawa, an saƙa shi tsaf, ya kai tsawon turmi. Nan take zuciyata ta ce sheƙa ce, kuma tsuntsun da ya yi wannan saƙa ba ƙaramin tsuntsu ba ne. (Igiyar da aka ɗaure ta da ita fa? Na gan ta. Na rubuta a kaye cewa tsuntsun yana tsintar igiya.) Ƙudan zuman da ke shawagi a wurin kuwa, na ce ragowar furen gawo suke bi.

Kullum zan wuce Kaka Idi a bakin zaure yana tufka, in durƙusa in gaishe shi. Ya ce ƴar lakwal, yau kuma me za a rubuta, in ce bincike ne, Kaka. Ban tambaye shi ba. Ina tsoron in na faɗa, labari ya kai Tasawa wani ɗan ajinmu ya riga ni. Kuma, tunda yau ranar tonon asiri ce, a raina ina ganin me tsoho mai tufkar igiya zai ƙara wa mai karatun kimiyya.

Asabar takwas ina fakon tsuntsu. Na je da hantsi, na je da la'asar, ko gashinsa ban gani ba. Ga ranar bayani ta matso, saura kwana biyar. Sai na ɗauki gorar nan mai ƙugiya da ake kaɗo wa awaki ƴaƴan gawo, na tafi da tsakar rana, lokacin da kowane tsuntsu mai hankali yake gida. Gora a dama, waya a hagu don ɗaukar hoto.

Bugun farko, shiru. A na biyu ƙugiyar ta kama wani faifai da ke bakin sheƙar, ya faɗo.

Ƙarar na fara ji, kamar babur daga nesa. Sannan sama ta yi baƙi.

Ban san ina da gudu ba sai ran nan. Na yar da gora, na yar da waya da kaye, takalmi ɗaya ya bi nasa wuri. Ƙudan zuma suna cikin hijabina, suna cikin kunnena. Ba gida na nufa ba, rijiya na nufa, ina ihu da Faransanci (har yau ban san wa nake kira da shi ba). Makiyaya na tsakiyar shayarwa na ratsa garke na faɗa cikin kwamin ruwan shanu, rigingine. Shanu suka watse, jakin da ke jan guga ya tsinke igiya ya yi gabas. Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta lulluɓe ni da zanenta tana danna kaina, maza suka kunna busasshen kashin shanu, hayaƙi ya kori ƙudan.

Da la'asar ina zaune a tsakar gida, ido ɗaya a rufe, leɓe kamar masa, an shafe ni da toka, rabin gari ya zo sannu. Kaka Idi ya shigo riƙe da kayena da ya tsinto a gona. A nan na ji sunan abin: amya. Shi ya saƙa ta, shi ya rataya ta, saura kwanaki ya sha zumarta, ga shi ƙudan sun tashi sun bar masa fanko. Ya ce kakansa ma a gawon nan yake rataya tasa tun Nasara bai taka Tasawa ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ba sai jikarsa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Miƙo mini kayen ya yi ya ce, "Karanta muna, ƴar lakwal. Mu ma mu ƙaru."

Da kumburarren baki na karanta: "Tsuntsun yana da kunya ƙwarai. Ba ya son a gan shi."

Wata tsohuwa sai da aka riƙe ta don dariya. Kaka ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Ai kuwa yau ya cire kunya, ya fito da danginsa duka."

Bayanin gaban aji na yi shi da ido ɗaya, na faɗi gaskiya tun daga igiya har kwami. Mushe ya ce abin da na rubuta kan gawo da cilakowa daidai ne, amma da ƙyar ya ƙarasa maganar. Zumar Kaka kuwa ta tafi sai baɗi. Hukuncina shi ne duk Asabar in zauna kusa da shi muna saƙa sabuwar amya, kuma ni ce mai shafe ta da kashin shanu, da hannuna.

Yanzu in na ga abin da ban sani ba, kafin in buɗe kaye sai in buɗe baki in tambayi tsohon da ya fi kusa. Tambaya ba ta kumbura leɓe.